Gardamar da muke yi a shago kan 'yan wasan ƙanƙara

Yau kusan sati biyu kenan da gama gasar maza ta zamiya a kan ƙanƙara a Olamfik ta 2026 a Milan amma wallahi abin bai bar raina ba, ina kan keke ina ɗinki sai in ga fuskar yaron nan Ilia Malinin na Amurka ta dawo min, yadda ya fito daga filin kamar wanda aka yi wa rasuwa. Shi yasa nace bari bayan tarawi in ajiye almakashi in rubuta, duk da ɗinkin sallah ya taru min har kan benci kuma masu kaya sun fara sintiri tun azumi bai je ko'ina ba.

Ni tela ne, shagona yana Tudun Wada nan Gusau. Wasan da nake magana kuma shine na zamiya a kan ƙanƙara, wanda mutum zai ɗaura takalmi mai ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa, ya shiga filin da aka daskarar da ruwa a ciki, a sa masa kiɗa, yana gudu yana tsalle yana juyawa a sama alƙalai suna ba shi maki. Ƙanwata rawar ƙanƙara take ce masa, abokina mai shagon caji da ke jikin nawa kuma wasan 'yan tsalle yake cewa. Mu uku ne kaɗai na sani a unguwar nan da ke bin wasan, kuma mu ukun ba mu taɓa haɗuwa a kan gwani ɗaya ba.

Yadda na faɗa ciki ma ba da niyya bane. A watan Fabrairun 2018 ne na ji a rediyo wai 'yan matan Najeriya sun je gasar Olamfik ta lokacin sanyi a Pyeongchang, Koriya ta Kudu, su Seun Adigun masu tura amalanken nan na ƙanƙara, to da dare ya yi na sayi datar dare na shiga YouTube in ga 'yan ƙasarmu. Ina gama kallonsu sai wani bidiyo ya biyo baya da kansa. Wani yaro siriri kamar kara, da farar riga mai faɗin hannu irin yankan tufafin mutanen Japan na da. Kun san tela, rigar ce ta fara tsayar da ni, ina kallon yadda aka yanka kafaɗar da zai ɗaga hannu duka biyu amma ba ta tattare ba. Sai aka buga ganga, sarewa ta biyo, yaron nan ya taka daidai inda gangar ta sauka, daga nan na manta da riga. Na maimaita bidiyon har datar ta ƙare wajen asuba. Yuzuru Hanyu ne.

Daga baya ne na san cewa wasan da na kalla, da ciwo ya yi shi. A watan Nuwamba 2017 ya faɗi wajen atisaye ya ji rauni a idon sawun dama, wata uku bai shiga gasa ba, ya zo Olamfik yana shan maganin kashe zafi kuma a haka ya ci zinare da maki 317.85. Dama ya ci na Sochi a 2014, ya zama namiji na farko da ya ci sau biyu a jere tun bayan Dick Button na Amurka da ya yi a 1948 da 1952. Kuma ɗan garin Sendai ne a Japan, ranar girgizar ƙasar nan ta Maris 2011 yana cikin filin atisaye, da takalmin a ƙafarsa ya fito da gudu, shi da iyayensa suka yi kwanaki a wurin da aka tara waɗanda abin ya shafa, yana ɗan shekara 16. Mu nan Zamfara ba sai an yi mana bayanin abin da ake ji ba idan mutum ya bar ɗakinsa ya kwana cikin taro a kan tabarmar aro. Tun daga lokacin nake jinsa kamar na gida.

To mai shagon caji ni na nuna masa, kuma tun ranar farko ya zaɓi wani daban. Shi mutumin lissafi ne, a ƙwallo ma ɗan Ronaldo ne, kullum maganarsa nawa ka jefa a raga. Da na ba shi wayar sai ya tsaya a kan Nathan Chen na Amurka, wanda a waccan gasar ya lalata gajeren wasansa (gasar kashi biyu ce, gajeren wasa da dogon wasa, sai a haɗa makin) har ya koma na 17, sai washegari ya fito dogon wasa ya yi tsalle mai juyi huɗu har sau shida, ya samu 215.08, ya fi kowa a ranar har da Hanyu ɗin, ya taso zuwa na biyar. Yace min tela ka ga namiji nan, naka dai rigarsa ta fi kyau. Shekara takwas kenan muna kan wannan magana.

Kuma ba da baki kawai yake yi ba, ya samu bayan kwalin caja ya rubuta farashin kowane tsalle da biro ya manna a bango kusa da soket, kamar mai sayar da kaya. Don haka tsarin yake, kowane tsalle da makinsa na asali. Tsallen iri shida ne. Mai juyi huɗu na tolup 9.50, salko 9.70, lup 10.50, filip 11.00, luz 11.50, aksel kuma 12.50, alhali aksel mai juyi uku 8.00 ne. Sannan alƙalai su ƙara maka ko su rage gwargwadon kyan aikin, daga ragi biyar zuwa ƙari biyar, in ka faɗi a cire maka maki ɗaya bayan ragin da ka sha a kan tsallen, in juyin bai cika ba akwai masu duba bidiyo a hankali su kama ka. Aksel ya fi sauran tsada ne saboda shi kaɗai ake tashi ana fuskantar gaba, saukar kuma da baya ake yi, kenan akwai ƙarin rabin juyi a kai. Duk wannan a cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba a sama, ka sauko da ƙafa ɗaya a kan ƙarfen da kaurinsa bai wuce milimita huɗu ba. Idan baƙo ya zo karɓar waya ya tambayi mene ne wannan lissafin, sai abokina ya gyara tsayuwa ya fara karatu, wani ya saurara wani ya karɓi wayarsa ya wuce.

Ba na musun lambobinsa, kuma ba zan ɓoye ba akwai ranar da ya rufe min baki. Gasar duniya ta 2019 a Saitama, a ƙasar su Hanyu. Hanyu ya yi dogon wasa mai kyau ya haura maki 300 a jimla, masoya suka yi ta jefo 'yar tsanar nan ta Pooh mai ruwan ɗorawa kamar yadda suka saba har filin ya rufe, yara suka shiga suna kwashewa, Chen yana gefe yana jira don shine mai bi. Ka tsaya ka ji duk ɗakin yana ihun wani, sannan a ce shiga. Ya shiga ya yi komai tsaf bai ko girgiza ba, ya tashi da 323.42, ratar ta wuce ashirin. Ranar mai shagon caji ya sayo min shayi da kansa yace in sha in huce. Na sha, kuma na yarda cewa yaron da yake karatu a jami'ar Yale yana atisaye kusan shi kaɗai, kocinsa yana can wani gefen ƙasar, ya zo ya yi wannan, ba ƙaramin mutum bane.

Amma ga inda na tsaya kuma har gobe a nan nake. A sana'armu akwai aikin wuya akwai yanka. Mutum zai shigo shago ya ga babbar riga da aska takwas an cika ta da zare yace kai wannan ta yi, shi aikin kawai yake gani don shine yake ƙyalli. Tela kuwa juya rigar zai yi ya duba ciki, ya ga yadda aka haɗa kafaɗa, ya ga kalmasa ta miƙe ko ta karkace, ya ga in an sa ta a jiki za ta zauna ko za ta riƙa ja ta baya. Tsalle shine aikin wuyan. A dokar da aka yi gasar Milan da ita, dogon wasa minti huɗu ne kuma tsalle bakwai ake yi a ciki, in ka haɗa duk lokacin da mutum yake sama bai taka kara ya karya ba, to sauran lokacin me yake yi? Nan nake kallo. Da yawansu za ka ga tun daga wancan bangon sun daina komai, sun juya baya suna tara gudu suna leƙe ta kafaɗa, kowa a ɗakin ya san tsalle za a yi, kiɗan yana tafiya shi kaɗai ba mai kula da shi. Hanyu yana cikin taka sawu mai wuya da ƙafa ɗaya sai kawai ka ga ya tashi aksel mai juyi uku ba shiri ba sanarwa, ya sauka ya ci gaba da takun kamar ba abin da ya faru, ba ka ganin inda aka haɗa. Ɗinkin da ba a ganin bakin zarensa kenan. In ka sa abin ji a kunne ma za ka ji bambanci, ƙarfensa ba ya kankarar ƙasa, wani sululu yake yi, kuma taku biyu uku ya ishe shi ya ratsa filin da tsawonsa mita 60 ne.

Abokina sai yace ai akwai makin wannan ma. Gaskiya ne akwai, makin tsara wasa da gabatarwa da iya sarrafa takalmi. Sai dai shi wannan an yi masa rufi, a dogon wasan maza bai wuce ɗari komai gwanintarka, makin tsalle kuwa ba shi da rufi, iya abin da ka tara. Kuma abin da ke ci min rai shine da zarar yaro ya fara sauke juyi huɗu da yawa sai ka ga makin takun nasa ma ya fara hawa, kamar alƙalan suna jin nauyin su ba zakara ƙaramin maki. Ku dubi Jason Brown na Amurka, mutumin da in yana kan ƙanƙara ko ƙifta ido ba ka son yi, ya ƙare na shida a Olamfik ta Beijing 2022 ba tare da juyi huɗu ya zauna masa ba, kuma kowa ya san ba yadda za a yi ya wuce haka da wannan lissafin. Gardamar ma ta girme mu. A Vancouver 2010 Evan Lysacek ya ci zinare ba tare da juyi huɗu ko ɗaya ba, ya doke Evgeni Plushenko na Rasha da ya yi, ratar maki ɗaya da 'yan kai, Plushenko ya fito fili ya nuna bai yarda ba. Lokacin masu tsalle ne ke kuka, yanzu mu ne.

Akwai ranar da kawuna ya zo karɓar kaftaninsa ya same ni ina cin abinci waya a jingine da dutsen guga. Dattijo ne da ya yi yawon kallon dambe tun yana saurayi, har yau in ana maganar Kudu da Arewa da Guramada sai ya tashi zaune. Ya leƙo yace kai ɗana mi kaka kallo haka, namiji da rawa bisa ƙanƙara da riga mai ƙyalƙyali? Ban yi masa gardama ba, nace Kawu dan Allah zauna in nuna maka abu ɗaya. Na nemo masa gasar Shanghai ta Nuwamba 2014, inda ana ɗumama jiki Hanyu da Yan Han na China suka yi karo da gudu, duk suka zube, Hanyu yana kwance jini yana bin haɓarsa. Aka fita da shi aka naɗe masa kai da bandeji, bayan ɗan lokaci ya dawo ya yi wasan, ya faɗi sau biyar kuma duk faɗuwa sai ya miƙe ya kama kiɗan daga inda yake, har ya kai ƙarshe, ya zo na biyu. Kawu bai ce komai ba sai da aka gama sannan yace maido shi baya in gani. Da ya sake gani yace wanga yaro ɗan dambe na, an kashe shi turmi biyar shina tashi. Ni a raina ma ina ganin bai kamata a bar shi ya shiga ba bayan irin wannan buguwar a kai, kuma na faɗa wa Kawu haka, yace i, amma zuciya ce. Tun daga ranar in ya zo sai yace ina labarin mai bandeji.

Ƙanwata ita Shoma Uno ne nata, tana cewa Yaya ku kuna ta faɗa a kan mutum biyu ga wanda ya fi su natsuwa kun manta da shi. Kuma tana da hujja, azurfa a 2018, tagulla a 2022, zakaran duniya a 2022 da 2023, shine ma ya fara sauke filip mai juyi huɗu a gasa a 2016, ga shi ɗan gajere amma in ya lanƙwasa gwiwa ya kwanta a gefen ƙarfe kamar zai taɓa ƙasa. Shekaru ya yi a inuwar Hanyu bai taɓa nuna ƙyashi ba. Da ya ajiye gasa a Mayun 2024 yini ta yi ba ta da walwala. Ita ce kuma take yawan tura min hoton nan na Pyeongchang da su uku suka rungumi juna, Hanyu da Uno da Javier Fernández na Sifen, wanda shi da Hanyu koci ɗaya suke da shi, Brian Orser a Toronto, fili ɗaya suke atisaye kullum, kuma Fernández ya doke shi a gasar duniya sau biyu a 2015 da 2016 amma zumuncin bai taɓu ba.

Wannan hoton ne yake sa ni jin haushin wasu masoya, har da na ɓangarena. Ina bin sharhinsu a intanet, wanda ba na ji in sa waya ta fassara min, za ka ga mutum yana kiran kansa masoyin Hanyu amma aikinsa kenan zagin Chen, wai alƙalai ne suka ba shi, wai ba shi da komai sai tsalle, har iyayensa ake taɓawa. Su kuma na can su rama. Alhali su mutanen biyu duk hirar da na gani yabon juna suke yi. Ni da mai shagon caji mun fi shekara bakwai muna sa-in-sa amma ranar da mahaifiyarsa ba ta da lafiya ni na riƙe masa shago kwana uku, ban ga dalilin da zai sa a ci mutuncin wanda ko saninsa ba ka yi ba a kan wasa.

Lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara a Satumban 2021, da mutane suke shiga mota har Funtua don su kira 'yan uwa, ba abin da nake da shi sai bidiyo biyar da na taɓa saukewa a memori. Ɗaya daga ciki dogon wasan Hanyu ne na gasar duniya a Helsinki 2017, wanda ya shigo yana na biyar bayan gajeren wasa ya yi komai ba kuskure ko ɗaya ya samu 223.20 ya ɗauke kambun. Wata guda kusan kullum sai na kalle shi bayan na rufe shago, ga gari shiru ga zullumi ba ka san halin da naka suke ciki a ƙauye ba. Na haddace shi har na san inda zai ja numfashi. Ban san yadda zan yi bayani ba amma minti huɗu da rabin nan suna sauke min wani abu daga ƙirji, kuma ba tsallen nake jira ba, akwai wani wuri a tsakiya da kiɗan yake lafawa ya buɗe hannu yana tafiya a hankali, nan ne.

Sai Beijing 2022. Hanyu ya riga ya faɗa wa duniya abin da yake nema, aksel mai juyi huɗu da rabi, wanda ba a taɓa saukewa a gasa ba. A gajeren wasa ƙarfensa ya faɗa wani rami a ƙanƙarar ya rasa tsallen farko, ya koma na takwas. Da ya so da ya cire aksel ɗin ya yi abin da ya saba ya nemi ko tagulla, amma ranar 10 ga Fabrairu da shi ya buɗe wasan, ya tashi, juyin bai cika ba, ya faɗi, ya ƙare na huɗu. Chen ya ci zinarensa da ya cancanta, Yuma Kagiyama na biyu, Uno na uku. A Yulin shekarar Hanyu ya bar gasa ya koma yin nasa wasannin. Sai ga shi ranar 14 ga Satumba, wata bakwai kacal bayan Beijing, wani yaro ɗan shekara 17 a wata ƙaramar gasa a Lake Placid ya tashi ya yi juyi huɗu da rabin nan ya sauka a ƙafarsa. Ilia Malinin, haifaffen Amurka, uwa da uba duk sun yi wa Uzbekistan wasan a Olamfik. Mai shagon caji da gudu ya shigo min da waya a hannu har ya taka yadin mutane.

Gaskiya na daɗe ban buɗe wa yaron zuciyata ba. Abin da mutum ya ba da idon sawunsa a kai shekara da shekaru bai samu ba, wani ya zo ya ɗauka kamar ya tsinka mangwaro. Ga kuma laƙabin da ya sa wa kansa a Instagram, wanda ni ba na furta shi don akwai kalmar da ba ta dace da ɗan Adam ba a ciki. Abokina kuwa ya samu sabon gwani tunda Chen ya koma karatu, kuma yaron bai ba shi kunya ba, zakaran duniya a Montreal 2024, ya sake a Boston 2025, a Disambar 2025 a Nagoya ya sauke juyi huɗu sau bakwai a wasa ɗaya, duk tsallen da aka yarda a yi kenan. Har alkafura ta baya yake ƙarawa tunda aka ɗage haramcinta a 2024, wadda ko maki ba ta da shi, don jin daɗin 'yan kallo kawai. Fiye da shekara biyu ba wanda ya doke shi. Ni kaina na fara ganin yana gyara takunsa, hannunsa ya fara sanin inda kiɗa yake, amma ban faɗa wa abokina ba.

To ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi. Abin daɗin shine agogon Italiya da namu ɗaya ne a wannan lokacin, karon farko da ba sai mun jira washegari ba, muka samu hanyar kallo kai tsaye muka zauna a shagon caji bayan isha'i, ni da shi da ƙanwata da ta kawo mana kunu ta ƙi komawa, janareta yana ta ƙara a waje. Malinin ne kan gaba bayan gajeren wasa, shi zai fito ƙarshe, abokina har ya sayo lemo ya ajiye. Mikhail Shaidorov na Kazakistan da yake na biyar ya fito ya yi wasan rayuwarsa ya hau kujerar na ɗaya, muka ce to madalla ko tagulla ya samu ya gode. Waɗanda suka biyo baya kowa sai ya yi tuntuɓe. Sai Malinin ya shigo, tsallen farko lafiya, aka zo aksel ɗin da duk duniya take jira sai ya buɗe a sama ya yi juyi ɗaya. Abokina yace ba komai akwai saura. Daga nan abu ya riƙa warwarewa kamar an ja bakin zare, ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa. Da makin ya fito na takwas ya koma. Shaidorov zinare, Kagiyama azurfa karo na biyu, Shun Sato tagulla.

Na ɗauka zan ji wani sanyi a raina tunda shekara uku ana min gori da shi, wallahi ko kaɗan ban ji ba, sai ma ƙirjina da ya yi nauyi. Yaro ne ɗan shekara 21, sa'an ƙanina na uku, duk duniya ta riga ta rataya masa zinaren tun bai taka filin ba. Kuma abin da ya yi bayan nan shi ya gama da ni, yana ganin makinsa ya tashi ya nufi inda Shaidorov yake zaune ya rungume shi yana taya shi murna, shi kuma wancan ya rufe baki da hannu ya kasa yarda. Ƙanwata tana share ido da gefen hijabi tace Yaya ka tuna Denis Ten? Na tuna. Shine ɗan Kazakistan da ya ci tagulla a Sochi 2014, ya sa yaran ƙasarsu suka fara sha'awar wasan, aka kashe shi da wuƙa a Almaty a Yulin 2018 yana ɗan shekara 25, a kan madubin mota da wasu suka zo sata. Ga shi shekara takwas ba ta cika ba wani yaro daga ƙasar ya hau saman dandamalin.

Mai shagon caji bai ce uffan ba, ya kashe janareta ya rufe shago, lemon ma a nan ya bar shi. Washegari da safe ina shara ya leƙo yace tela, wannan na Helsinki da kake ta faɗa, tura min ta Xender. Na tura masa. Ya zauna a bencina a kan shaddar wani alhaji sai da na janye ta, ya sa abin ji a kunne ya kalla har ƙarshe bai tsallake ko'ina ba, abin da bai taɓa yi ba, da can tsalle kawai yake nema ya ja gaba. Da ya gama ya cire abin kunnen yace juyi huɗun dai sau huɗu ne kawai a ciki. Nace haka ne. Yace amma wurin nan da ya buɗe hannu, a minti na nawa ne, ya miƙo min wayar in nemo masa. Kwalin farashin yana nan a bangonsa bai cire ba, jiya ma na ga ya bi lambobin da sabon biro don sun fara dushewa.